Tsibirin Da Ke Cikin Adakar Kakata

Jama'a, ni dai ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a bakinsa shi ne na Tiga, ran da aka kai mu yawon buɗe ido muna sakandare. Saboda haka duk wanda ya ga na ɗauki alƙalami zan yi magana a kan taswirar jiragen ruwa, ya ce me ya haɗa kifi da kaska, ba zan ga laifinsa ba. Amma ya yi mini haƙuri ya ji yadda aka yi, don kuwa ni ma ba neman maganar na yi ba, a ɗakin kakata na tsince ta.

Kakar tawa, wadda muke kira Iya, tana da wata tsohuwar adakar ƙarfe a ƙarƙashin gadonta. A ciki take ajiye zannuwan da ba ta ɗaurawa sai da salla ko biki, da turare, da ɗan abin da ba ta so jikoki su sani. Tun ina yaro, in ta buɗe adakar nan, abin da idona ke fara kaiwa gare shi shi ne wata takarda mai kauri da aka manne a cikin murfin. Ta yi ja-ja don tsufa. A tsakiyarta akwai zanen wani abu mai kama da dankalin da ɓera ya gutsura, an yi masa ƙananan zane-zane kamar gashi, a gefensa kuma lambobi ne birjik, kamar an watsa wa kaji tsaba. Na kan tambaye ta mene ne wannan, sai ta ce, "Garin su kakanka ne na tsakiyar ruwa, inda mai bin bashi ba ya zuwa. Matsa ka ba ni wuri, maigidan banza, ko cefane ba ka bayarwa sai tambaya."

Asalin takardar kuwa shi ne, marigayi kakana ya yi zaman Ikko yana saurayi. Yana can a 1975, shekarar da jiragen siminti suka yi cunkoso a bakin tashar, ɗaruruwansu, wasu suka yi wata da watanni suna jiran layin sauke kaya. Shi kuma sana'arsa a lokacin ita ce kai wa ma'aikatan jiragen lemo da ayaba da sigari. Wanda kuɗinsa suka ƙare sai ya biya da abin da ya samu, wani riga, wani bokiti. Wata rana aka biya shi da damin manyan takardu, aka ce tsofaffin taswirori ne da jirgin ya daina aiki da su. Iya ta ce ya gaya mata masu tsire ya sayar wa, don takardar tana da ƙwari, mai ba ya huda ta da wuri. Allah kaɗai ya san tsibirai nawa aka ci tsire a kansu a Agege cikin wannan makon. Guda ɗaya ya rage, ya sa almakashi ya rage mata baki daidai murfin adakar da ya sayo don kayan aurensu, ya manne ta da ƙaro, don kada tsatsa ta ɓata wa amarya zane.

Sai da na shigo jami'a, muka yi darasi a kan karanta taswira, sannan wani hutu na durƙusa gaban adakar da fitilar waya na karanta rubutun da ke jiki. Sunan tsibirin Pitcairn. A ƙarƙashin sunan an rubuta cewa Kyaftin Beechey na sojan ruwan Ingila ne ya auna shi a 1825. Da na ga 1825 sai gabana ya faɗi. Watau shekara ɗari biyu ke nan, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana kan gado. Na ce a raina, ashe muna kwana da dukiya a ƙarƙashin gado muna ta kukan kuɗin makaranta.

Kafin in faɗi wautar da na tafka, bari in gaya wa mai karatu abin da na samu game da wannan tsibiri, don labarinsa ya fi nawa daɗin ji.

Pitcairn ɗan dutse ne a kudancin tekun Fasifik, faɗinsa duka bai kai murabba'in kilomita 5 ba, mutanen da ke zaune a kansa yau ba su wuce 50 ba. Baturen da ya fara sa shi a takarda shi ne Philip Carteret, kyaftin ɗin wani jirgi mai suna Swallow, a watan Yuli na 1767. Wani yaro ne ɗan shekara 15 a cikin jirgin, Robert Pitcairn, ya fara hango shi, aka sa wa tsibirin sunansa. Igiyar ruwa ta hana su sauka, sai Carteret ya rubuta inda yake zaton tsibirin yake, suka wuce. To a nan ne gizo ke saƙar. Nisan wuri daga kudu zuwa arewa ba ya yi wa matuƙan wancan zamani wuya ƙwarai, don tsayin rana da tsaka yana nuna musu. Na gabas da yamma shi ne ƙashin bayan wahala, domin ba a saninsa sai da lokaci. Kowa ya san mutanen Maiduguri suna riga na Sakkwato shan ruwa da azumi da wajen rabin awa. Dalili shi ne duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, watau digiri ɗaya minti 4, tsakanin garuruwan nan biyu kuwa akwai kamar digiri 8. To haka matuƙi yake yi: in ya san ƙarfe nawa ne a garin da ya baro, ya kuma duba rana ya san ƙarfe nawa ne inda yake, bambancin zai gaya masa nisan da ya yi gabas ko yamma. Sai dai ina agogon da zai yi shekara yana tangaɗi a kan ruwa, cikin zafi da sanyi da laima, bai yi gaba ko baya ba? Tun 1714 majalisar Ingila ta sa ladan da ya kai fam 20,000 ga wanda ya warware wannan matsala, wani kafinta mai suna John Harrison ya ƙare rayuwarsa a kan ƙera irin wannan agogo. Amma Carteret ba shi da ko ɗaya a jirginsa. Lissafin gudu da iska ya yi, ya kuskure da digiri 3 da ɗoriya, kuskuren da bai wuce minti 13 na agogo ba. Wannan minti 13 ya ɗauke tsibirin ya ajiye shi a takarda fiye da kilomita 300 yamma da inda Allah ya ajiye shi. A haka aka buga shi cikin littafin tafiye-tafiyen da Hawkesworth ya fitar a Landan a 1773.

Bayan shekara 16 da fitowar littafin sai ga wani jirgi mai suna Bounty. An aike shi Tahiti ne ya ɗebo dashen wani itace mai 'ya'ya da ake gasawa a ci kamar burodi, a kai tsibiran Karebiyan don a sami abinci mai arha da za a riƙa ciyar da bayin da ke noman rake, waɗanda, kada mu manta, daga wannan nahiya tamu aka kwashe su. Ran 28 ga Afrilu 1789 mataimakin kyaftin, Fletcher Christian, ya yi wa maigidansa William Bligh tawaye, ya zuba shi da mutum 18 a ƙaramin kwalekwale ya sake su a tsakiyar teku. Bligh bai mutu ba, ya kai Timor, ya koma Ingila ya kai ƙara. Christian kuwa ya san hukuncin abin da ya yi rataya ne, saboda haka yana bukatar wurin da ba za a same shi ba. Cikin littattafan da Bligh ya bari a jirgi ya karanta labarin tsibirin Carteret. Ya je inda takarda ta ce, bai ga komai ba sai ruwa. Da yake ya san inda irin wannan kuskure ke faruwa, sai ya riƙe layin kudu da arewa da aka rubuta, ya yi ta bin sa gabas, har ran 15 ga Janairu 1790 dutsen ya bayyana. Su 9 ne Turawan, tare da maza 6 na tsibiran can da mata 12 da jaririya ɗaya. Bayan kwana 8 suka cinna wa jirgin wuta don kada a hango shi.

Ingila ta aiko jirgin yaƙi mai suna Pandora, ya kama mutum 14 da suka tsaya a Tahiti, aka rataye 3 daga cikinsu a 1792. Amma na Pitcairn ba wanda ya ji ɗuriyarsu har shekara 18, sai a 1808 da wani Ba'amurke mai farautar dabbobin ruwa, Mayhew Folger, ya faɗo wurin bisa tsautsayi, ya ji samari a kwalekwale suna yi masa magana da Ingilishi. A lokacin Bature ɗaya ya rage, John Adams. Galibin sauran mazan sun kashe juna a kan mata da ƙasa da giya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kyautar da Adams ya yi wa Folger: agogon jirgin Bounty, irin ainihin agogon da Carteret ya rasa. Yana nan yau a gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich. Shi kuwa Beechey na cikin adakar Iya, a jirgin Blossom ya je a ƙarshen 1825, ya tarar da Adams ya tsufa, ya ji labarin daga bakinsa, ya auna tsibirin da kayan aiki na ƙwarai. Ashe maganar kakana ta mai bin bashi ba wasa ba ce ɗungum, wani ma'aikacin jirgi ne ya gutsura masa labarin.

Lambobin nan da na ce kamar tsaba, zurfin ruwa ne. Da gaba ake auna shi, kamar yadda masu haƙar rijiya suke cewa rijiya gaba goma ce, sai dai su gabarsu ƙafa 6 ce cif. Mutum zai tsaya a bakin kwalekwale ya jefa igiya mai dalma a baki, ya ji ta taɓa ƙasa, ya jawo, ya ƙirga, ya faɗa, wani ya rubuta. A gindin dalmar akwai rami da ake cusa kitse, don in ta fito a ga ko yashi ta ɗebo ko tsakuwa ko ɓawon kifi, matuƙi ya san inda ƙugiyar jirgi za ta kama. Kowace lamba ɗaya a takardar nan jifa ɗaya ce da jawowa ɗaya. Na zauna na ƙirga har na gaji.

To me ya sa irin waɗannan takardu suke wuyar samu? Da farko na ɗauka tsufa ne kawai. Ashe ba haka ba ne, akwai littattafan da suka girme su nesa ba kusa ba kuma suna nan da yawa. Ita taswirar jirgi kayan aiki ce, kamar fartanya. A shimfiɗa ta a tebur, a zana mata hanya da fensir, a goge, a sake zanawa, ruwan gishiri ya fantsamo mata, shayi ya zube. Mafi muhimmanci kuma, tsohuwar taswira a jirgi haɗari ce. In aka gano wani sabon dutse ƙarƙashin ruwa aka buga sabuwa, dole a soke tsohuwar a fitar da ita, kada wani ya ɗauko ta cikin dare ya halaka jama'a. Watau mutanen da suka fi kowa sanin darajarta su ne aka ɗora wa alhakin hallaka ta. Haka nan a maɗaba'a. Ofishin taswirar sojan ruwan Ingila, wanda aka kafa a 1795, a kan farantin tagulla yake sassaƙa zanen. In gyara ya zo sai a buge wurin ta baya, a shafe, a sake sassaƙawa a kan farantin nan dai. Da zarar an yi haka, ba mai iya sake buga tsohon kamannin har abada. Ga shi kuma tsibiri irin Pitcairn jirage ƙalilan ne ke bi ta kansa, saboda haka tun asali kaɗan ake bugawa. Shi ya sa taswirar Carteret mai kuskure, da yake cikin littafi aka ɗinke ta aka jera a kanta, ta fi saukin samu a kan wadda ta yi aiki a teku.

In aka koma baya kuma, ɓoyo ne ya cinye su. Sarakunan Fotugal da na Sifen sun ɗauki taswirar hanyoyin teku a matsayin asirin mulki. Babbar taswirar da Sifen take ajiyewa a Seville, wadda kowane matuƙi in ya dawo sai ya kai rahoto an ƙara a kanta, ainihinta bai iso zamaninmu ba. Ma'ajiyar Fotugal kuwa girgizar ƙasar Lisbon ta 1755 da gobarar da ta biyo baya suka tafi da ita. Wadda ta tsira, har ake tinƙaho da ita yau a birnin Modena na Italiya, ita ce wadda wani ɗan leƙen asiri mai suna Cantino ya biya aka kwafo masa a ɓoye, ya fitar da ita daga Lisbon a 1502. Ta gidan sarki ta ƙone, ta hannun ɓarawo ta rayu.

Ba na so kuma a ɗauka Turawa ne suka fara sanin tekun nan. 'Yan tawayen Bounty da kansu sun tarar da gumakan dutse da gatura a Pitcairn, alamar wasu sun zauna can sun tashi tun da daɗewa. A 1769 wani masanin hanyoyin teku ɗan tsibirin Raiatea, Tupaia, ya shiga jirgin Kyaftin Cook ya zana masa taswira mai tsibirai 74, alhali a kansa yake ɗauke da su. Ya rasu a Batavia a 1770, kwafin zanensa ɗaya yana babban ɗakin karatu na Ingila a Landan. Ilmin da ke cikin ƙirji ya fi na takarda saurin ɓacewa, wannan kuwa mu nan ba sai an gaya mana ba.

Yanzu sai wautar tawa. Na ɗauki hoton takardar na kai wa wani malaminmu. Ya duba, ya yi murmushi, ya ce 1825 shekarar awo ce, ba shekarar bugu ba. Ofishin yakan yi shekaru aru-aru yana buga taswira ɗaya, sunan mai awon farko yana nan a sama. In ana son sanin shekarun takarda, can ƙasa ake dubawa, a bakin-baki, inda ake rubuta ranar bugu da jerin gyare-gyaren da aka yi. Ya tambaye ni ina bakin. Na ce kakana ya yanke. Ya ce tunda a jirgin kasuwa aka samo ta a 1975, ga dukkan alamu bugun ƙarni na 20 ce, ga ta a yanke, ga ƙaro, masu sayen irin waɗannan kuwa cikakkiya suke nema. Ya ƙara da cewa in adana ta duk da haka, don a 2022 ofishin ya ba da sanarwar niyyar daina buga taswirar takarda gaba ɗaya, ko da yake daga baya ya ɗaga lokacin.

Da na ji shawara da ban rubuta wannan ba. Amma kuɗin rajista sun matso, zuciya kuma ta ce mini wataƙila akwai wani rubutu ko hatimi a bayan takardar da zai nuna malam ya yi kuskure. Na bari sai ran da Iya ta tafi suna a maƙwabta. Na jawo adakar, na sa reza a kusurwa ina ɓamɓarowa a hankali. Ƙaron shekara hamsin ya riga ya zama ɗaya da ƙarfe. Na ji ƙyat, sai ga yanki kamar tafin hannun yaro a hannuna, ya yago daga gefen arewa maso gabas, daidai inda ɗan lungun da aka ƙone Bounty yake. A bayansa ba hatimi ba rubutu, sai tsatsa.

Na sa yankin cikin littafina na mayar da adakar. Kwana uku ina kewaya ɗakin kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Iya ba ta ce komai ba, amma ta daina kirana maigida, ta koma kiran sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinta tun ina firamare. Ran na huɗu da daddare na shiga na durƙusa, na ajiye yankin a kan tabarma.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Da ka tambaye ni, da adakar duka zan ba ka ka kai kasuwa. Abin da ya sa ban taɓa cire ta ba, da hannunsa ya shafa ƙaron, ina zaune ina kallo, yana ta mita wai na cika son tsabta." Ban sami abin cewa ba. Ta aike ni kicin na ɗebo ruwan ɗumi a murfin kwano, ta kwance wani ƙullin tsumma ta fito da ƙaro, muka jiƙa. Ni na riƙe fitila, ita ta daidaita yankin, don ta ce hannuna ba shi da albarka. Layin gaɓar bai haɗu sosai ba, lamba biyu sun tafi ke nan.

Muna jiran ya bushe ta ce in gaya mata abin da na karanto a kan garin, tunda har ya sa ni sata. Na kwashe duka na faɗa mata, da Carteret da agogo da Bligh da kwalekwalensa. Duk ba su dame ta ba. Da na zo kan mata 12 sai ta tsayar da ni.

"Da yardarsu suka bi su?"

Na ce yawancinsu a'a. An gayyace su cikin jirgi ne a Tahiti da dare, aka yanke igiya suna ciki, gari ya waye ba ƙasa.

"Ba wadda ta nemi gida?"

Na ce sun nema. A 1794 matan sun sa an haɗa musu kwalekwale da katakan da suka rage don su gudu, da aka tura shi ruwa ya kife. Amma ɗaya daga cikinsu, wadda Turawan ke kira Jenny, ba ta haƙura ba. A 1817 ta sami wani jirgin Amurka ya ɗauke ta, ta yi zagaye mai nisa kafin ta isa Tahiti, kuma daga bakinta aka rubuta da yawa daga abin da aka sani na zaman farko a tsibirin.

Iya ta ƙirga da yatsu. "Shekara ashirin da bakwai," in ji ta. Ta sa babban yatsa ta danna yankin ta ji ko ya kama, sannan ta rufe adakar ta ce, "Tura mini ita ƙarƙashin gado, maigida, ka ja mini ƙofa."